A Rage Wa Jatau Abinci

To, ku gyara zama ku ji labarin Nomau na Tungar Gawo, mutumin da bai taɓa yi wa magana ƙari ko ragi ba. Yadda ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta ya je ya aikata. Kada wanda ya ce mini mahaukaci ne, ba na son a zage shi a gabana. Yana salla, yana noma, yana gaida manya, ya ba shekara talatin baya, ƙato ne mai faɗin ƙirji kamar ƙyauren zaure. Abu ɗaya ne Allah bai ba shi ba, wato gane cewa mutane kan faɗi wani abu suna nufin wani. Ranar da liman ya ce masa ya ja bakinsa ya yi shiru, haka ya kama leɓensa da yatsu biyu yana ja har aka tashi karatu, ya yi kwana biyu miya ba ta shiga bakin.

Manyan gidansu su uku ne, shi da wansa Jatau da matar wan, Tabawa, sai ƙananan 'ya'yansu mata biyu. Jatau ne mai fito a garin. Jirgin da yake ƙetarar da mutane da shi na mahaifinsu ne, kuma da jirgin nan ake ci a gidan. Tabawa takan wuni a fadama wajen shinkafarta, saboda haka Nomau ne ke kai wa wansa abinci bakin kogi, in ya ajiye ya shiga jirgi yana kwarfe ruwa da ƙwarya. Duk duniya ba wanda Nomau yake so kamar Jatau, don tun rasuwar iyayensu shi kaɗai ne bai gaji da shi ba, ko da yake yakan daka masa tsawa sau goma a wuni.

Shi kuwa Jatau, Allah ya yi masa ciki. Da safe ba ya karyawa, sai dai goro. Amma rana na takewa za a dire masa malmala biyar ta tuwon shinkafa, miya tana ninƙaya da manja, ya share, ya bi da fura mai sukari cike da ƙwarya, ya kora da lemon kwalba. Daga nan sai hamma. Da can yakan ɗan gyangyaɗa a inuwa ya wartsake. Da shekaru suka ja, teɓa ta sauko, sai abin ya zama ciwo. Ya kwana yana barci, ya tashi da hantsi a gajiye liƙis, da rana kuma idanu su ƙi buɗuwa.

Ran wata Laraba, ranar da kasuwar Ɗan Marke ke ci a tsallake, kogi ya cika ya batse, Jatau ya ɗebi mata goma sha ɗaya da kayansu bayan ya gama da tuwonsa. Jirgi ya cika, aka bar Nomau a gaɓa. Suna tsakiyar ruwa, filafilin tuƙi na hannun Jatau, sai Nomau ya hango kan wansa ya sunkuya. Jirgi ya juya ya bi ruwa. Mata suka ɗauki salati, wata ta ɗaga jaririnta sama tana ihu, Nomau yana gudu a gaɓa yana kiran Yaya har muryarsa ta dushe. Allah ya taimaka jirgin ya je ya maƙale a saiwoyin wata bishiyar giyayya, masunta suka fito da mutane. Ba a rasa rai ba, amma buhun gero biyu sun bi kogi.

A ranar Sarkin Ruwa ya aika aka kira Jatau. Tsoho ne marar yawan magana, kuma duk abin da ya shafi kogi a garin, in ya yanke ya yanku.

Ya ce, "Jatau, ubanka ya shekara arba'in yana fito, ko akuya bai taɓa jiƙawa ba. Na ba ka kasuwa uku. Laraba ta uku ni da kaina zan zauna a jirginka tun safe har kasuwa ta tashi. In idonka ya rufe sau ɗaya, a ranar zan karɓi filafili in ba wani."

Nomau yana tsugune a ƙofar zaure ya ji komai. Ya san in aka karɓe jirgin babu sauran abin da zai riƙe gidansu.

Wata rana Tabawa ta matsa, ta yi ta matsawa, har Jatau ya yarda zai je ɗakin shan magani na Ɗan Marke. Ta haɗa shi da Nomau, don ta san mijinta ba zai kawo mata maganar yadda aka faɗa ba, Nomau kuwa ba ya mantuwa. Malama Hansatu, malamar asibitin, ta ɗebi jini ta auna, ta ce babu zazzaɓi, babu wata cuta da ta gani. Sai ta tambaye shi me yake ci.

Jatau ya ce, "Ɗan abin da ya samu dai, Malama."

Nomau ya ce, "Malmala biyar, Malama. Ran Juma'a shida."

Jatau ya harare shi. Malama ta danne dariyarta ta ce, "Malam Jatau, abinci ƙarfi ne, mu a nan kalori muke ce wa ƙarfin da ke cikinsa. Amma in ka wuni da yunwa, sannan ka jibga wa ciki na mutum uku a zama ɗaya, ga tuwo ga zaƙi, sai jiki ya bar komai ya koma fama da shi. Kasalar ke nan, barcin ke nan." Ta juya wajen Nomau ta ce, "Kai ka faɗa a gida, a rage masa abinci."

To, ku da kuke ji, in ɗan'uwanku yana cin abu kuka ce ya rage muku, me kuke nufi? Haka Nomau ya ji ta. Kuma ta ce a gida, ba ta ce wane gida ba. Suna sauka daga jirgi ya bi garin ƙofa ƙofa yana sallama. "Malamar asibiti ta ce a rage wa Yaya Jatau abinci." Mata suka riƙa dafe ƙirji suna cewa, "Allah sarki, ashe yunwa ce ke kayar da bawan Allah!" Kashegari da rana kwano goma sha huɗu suka jeru a bakin kogi, ga ɗanwake, ga dambu, ga fate, ga tuwon dawa da na masara. Shi Jatau ai da kunnensa ya ji bayanin Malama, ya kuma gane shi sarai. Amma da ya ga kwanuka sai ya zaɓi fassarar ƙaninsa, wai mayar da abincin mutane rashin kunya ne. Ya ci har ya kasa sunkuyawa. Ya kwanta a gindin bishiya tun azahar, mutane suna ta ƙwala kira daga tsallake, ko motsi bai yi ba, sai ɗaukarsa aka yi zuwa gida. Tabawa ta yi kuka ranar, don har an fara cewa ita ce ke barin mijinta da yunwa. A haka Laraba ta farko ta wuce.

Wata rana Malama Hansatu ta shiga jirgin za ta zo Tungar Gawo yin rigakafi. Kafin a kai gaɓa mata sun ba ta labarin kwanuka sha huɗu. Ta riƙe kai.

"Kai Nomau! Inna lillahi. To, bar maganar ragi. Da rana kada a ba shi abinci mai nauyi, marar nauyi za a ba shi. Ka ji?"

"Na ji, Malama."

Nomau ya kwana yana juya maganar. Yaya za a yi ya san mai nauyi, ga shi ba su da sikeli? Sai da gari ya waye dabara ta zo masa, har ya yi murmushi shi kaɗai. Ai duk wanda aka haifa a bakin ruwa ya san abu mai nauyi nutsewa yake yi. Da Tabawa ta ba shi abincin rana, ta ma yi ƙoƙari ta rage tuwon ta sa wake da dafaffen ƙwai, sai ya zarce da shi kogi. Ya saka tuwo, ya nutse. Ya saka wake, ya nutse. Ya saka ƙwai, ya tafi ƙasa sumul. Kifaye suka sha biki. Ya nufi wajen mai tuya, ya faskara mata itace, ta cika masa roba da fanke da ƙosai. Ya jefa fanke ɗaya a ruwa, ya taso yana yawo. Ya ɗiga man gyaɗa, ya shimfiɗe a saman ruwa ko alamar nutsewa babu. Nomau ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe mai ya fi komai rashin nauyi." Ya tuttula man a kan fanken ya kai wa wansa.

Jatau ya lashe yatsu ya ce, "Malamar nan Allah ya yi mata albarka, ta san aikinta."

Kwana uku ana haka Tabawa ba ta sani ba. A rana ta uku wata tsohuwa da idonta ya yi rauni, Iya Cima, ta riga kowa shiga jirgi ta zauna. Jatau ya kwance igiya daga turke, ya zauna a gaɓa da ita a hannu, wai bari mutane su ƙaru. Cikinsa cike da fanke, iska tana kaɗawa. Nomau ya dawo daga wanke roba sai ya ga igiya tana jan ciki a kan yashi kamar maciji, jirgi ya riga ya bar gaɓa, tsohuwa ita kaɗai a ciki tana lalube tana tambaya ko an tashi ne. Bai tsaya cire riga ba ya faɗa ruwa. Ruwan yana da ƙarfi ranar, sau biyu ya kai hannu igiya tana kuɓuce masa, ya sha ruwa har ya ga duhu. A na uku ya cafke ta, ya naɗe a damtse, ya yi ta fama har ƙafarsa ta taɓa ƙasa can nesa da gari. Iya Cima ta fito daga jirgin. Ba ta zagi kowa ba, sandarta kawai ta nema, ta ce a nuna mata hanyar gidan Sarkin Ruwa. Da yamma saƙon Sarkin Ruwa ya zo, gajere: "Na ji. Ban manta da Laraba ta uku ba." Laraba ta biyu ta zo ta wuce, rabin matan garin suka fasa cin kasuwa don tsoron jirgin.

Wata rana Tabawa ta ce ta gaji da aike, ta ƙetara da kanta ta ga Malama. Ta dawo da wake da gyaɗa da ƙwai a ƙwarya ta ajiye a madafa. Nomau ya tambaye ta na mene ne.

Ta ce, "Na Yayanka ne. Abinci mai gina jiki Malama ta ce. Kada ka taɓa, ka bari in dawo daga fadama."

Tsuntsaye suka sauka a shinkafa ranar, Tabawa ba ta dawo da wuri ba. Nomau ya zauna yana kallon ƙwaryar, yana tuna saura kwana shida. Ya ga in aka jira, ginin ba zai bushe ba kafin Laraba. An ce kada ya taɓa, saboda haka ya yi komai da ludayi da muciya. Ya taɓa yi wa magina lebura, ya san yadda ake yi. Ya dafa waken, ya kirɓa shi da gyaɗa, ya fasa ƙwai a ciki, ya kwaɓa har ya yi danƙo. Ya tarar da Jatau yana sheƙa barci a gindin bishiyar bakin kogi. Ya fara yaɓe daga ƙafa, don gini daga ƙasa ake soma shi, ya hau cinya, ya bi ƙirji da damatsa, yana shafewa da bayan ludayi. Rana ta busar da shi. Ƙudaje suka fara zuwa, sannan awaki. Jatau ya farka ya ga akuya uku suna lasarsa, ga mutane cike da gaɓa suna jiran fito, wasu har suna faɗuwa don dariya. A cikinsu har da mutumin da ake raɗe-raɗin shi za a ba filafilin, ya harɗe hannu yana kallo.

Nomau ya runtse ido yana jiran tsawa. Tsawa ba ta zo ba, kuma wannan ya fi komai tsorata shi. Jatau ya tashi ya shiga ruwa ya wanke jikinsa, ya fito ya tsaya.

Ya ce, "Abinci ne ya mai da ni abin dariya a garin ubana. Daga yau ni da shi mun raba gari."

Kuma wallahi ya cika. Ruwan bunu da goro, shi ke nan. Rana ta farko yana ta cika baki, wai jikinsa ya yi sakayau. Ta biyu ciwon kai ya sauka. Ta uku hannu ya fara rawa, yana jin sanyi da tsakar rana, barcin kuwa ya ninka na da, sai a yi masa magana ya amsa rabi ya tafi. Tabawa ta roƙe shi, ta haɗa shi da Allah, ta turo masa 'ya'yansa da kwano a hannu, ya kau da kai. Ran Litinin da safe ya ɗauki filafili zai fita, bai kai ƙofar gida ba ya zube.

Tabawa ta kurma ihu. "Nomau! Yi maza ka ɗauko Malama!"

Nomau ya tuƙa jirgi shi kaɗai ya ƙetare, ya faɗa ɗakin shan magani yana haki. Malama Hansatu tana zaune tana rubutu. Ya tsuguna a gabanta ya juya baya.

"Hau, Malama."

"In hau me? Kana da hankali kuwa?"

"An ce in ɗauko ki."

Ta ce ya tashi ya ba ta wuri. Nomau ya san bai kamata ya taɓa matar mutane ba, sai ya sunkuci kujerar da take kai, da ita da jakarta, ya aza a ka ya fita. Malama tana ihu tana ƙwala masa littafi a ka, masu jiran magani suka biyo shi da gudu, wani har da taɓarya. Bai dire ta ba sai a cikin jirgi. Ta ɗaga hannu za ta mare shi, sai ta ga fuskarsa sharkaf da hawaye.

Ya ce, "Yaya ya faɗi. Kwana huɗu bai ci komai ba. Ni na ja masa."

Ta sauke hannun, ta waiwaya ta ce wa masu taɓarya su koma. "Tuƙa mu tafi."

Ta sa aka dama kunu aka ba Jatau kaɗan-kaɗan da ludayi, har idonsa ya dawo daidai. Sannan ta buɗe masa wuta, ba ta duba furfurar gemunsa ba.

"Malam Jatau, yaushe na ce ka daina ci? Ka dubi murhun matarka. In ta jibga masa itace gaba ɗaya, hayaƙi zai yi ya shaƙe. In ta hana shi itace, mutuwa zai yi. Yawan ci yana sa barci, rashin ci ma yana sa barci, har ya fi. Jikin da ba a ba shi komai ba da me zai tuƙa jirgi?" Ta juya ga Tabawa. "Abincin da yake ci a zama ɗaya, ki rage tuwon, ki ƙara wake da ganye da kifi, ki raba shi gida huɗu. Kada ya haɗa su."

Ran Talata Jatau ya wuni a gida yana karɓar abinci daga hannun Tabawa, cokali-cokali. Ƙarfi ya fara dawowa, amma yunwar kwana huɗu ta dawo tare da shi, tana neman fansa. Duk inda aka gifta da kwano sai ya bi shi da ido.

Wata rana, wadda ita ce Laraba ta uku, Tabawa ta tashi tun assalatu ta yi girki. Wannan karon ta ce ba za ta bar wa Nomau ƙofar kuskure ba. Da hannunta ta zuba a kwano huɗu, ta rufe, ta ɗaure a tsumma.

"Ga shi na raba da kaina. Kai ɗauka kawai ne naka. Gida huɗu, kamar yadda Malama ta ce, kuma kada ka bari ya haɗa su."

"To, matar Yaya."

Rana na fitowa Jatau ya iso bakin kogi. Ya tarar Sarkin Ruwa ya riga shi, yana zaune a goshin jirgi ya fuskanci mazaunin matuƙi, sandarsa a kan cinya. Gaɓa ta cika maƙil, da masu zuwa kasuwa da 'yan kallo. Sai ga Nomau ya sauko daga jirgin wani masunci, hannu rabbana.

Jatau ya ja shi gefe ya ce ƙasa-ƙasa, "Ina abincina?"

"Yana gidaje, Yaya."

"Waɗanne gidaje?"

"Huɗu. Na farko yana gidan maƙeri, can kan tudu."

Jatau ya ji kamar ya shaƙe shi, amma idon Sarkin Ruwa yana kansu. Ya haɗiye fushinsa, ya bar mutane suna loda kaya, ya haura tudu da sassarfa, Nomau na biye da shi. Matar maƙeri ta miƙo kwano, kunun gyaɗa ne da ƙwai biyu. Kafin ya san ya fara ya ƙare. Cikinsa ya ce ai yanzu aka soma.

"Sauran fa?"

"Na biyu yana tsallake."

"Na uku fa? In yana garin nan faɗa mini in je yanzu!"

"An ce kada in bari ka haɗa su, Yaya. In na faɗi biyu tare ai sun haɗu."

Ni na gaya muku, da kwanukan nan huɗu a gaban Jatau suke da safen nan, da ko Malama ce tsaye a kansa sai ya ga bayansu, kuma da labarin ya ƙare tun kafin azahar. Amma kogi ne tsakaninsa da na biyu. Ya koma ya kama filafili yana ƙunƙuni. Ya yi sawu uku kafin ya sami sararin zuwa gidan wani mai ɗinki da ke bayan kasuwar Ɗan Marke, inda wake da zogale ke jiransa. Tafiya ce mai ɗan nisa, ya je ya dawo yana gumi. Na uku kuwa sai bayan sallar azahar Nomau ya faɗa, yana gidan ungozoma a ƙarshen Tungar Gawo, malmala ɗaya tak da miyar kuɓewa da kifi. Jatau ya juya kwanon ya leƙa ƙarƙashinsa, ko an ɓoye wata.

Sai lokacin da kowa ke tsoro ya zo. Rana ta karkata kaɗan, zafi ya sauka, 'yan kasuwa suka fara komowa da kaya niƙi-niƙi. Jirgi ya cika har ruwa yana lasar bakinsa. Wannan ce sa'ar da jikin Jatau ya saba kwanciya shekara da shekaru. Suna kaiwa tsakiya ya yi hamma. Jirgin ya yi tsit, wata mata ta fara karanta addu'a a hankali. Sarkin Ruwa bai ƙifta ba. Nomau yana tsugune da ƙwaryar kwarfe ruwa, yana kallon fatar idon wansa tana saukowa. Ya so ya yi kira, ya tuna an ce ranar ba mai tashin Jatau, in ya rufe ya rufe. Ya cije hannunsa.

Idon bai rufe ba. Maimakon haka sai ya buɗe tangaran, Jatau ya miƙe zaune ya daka tsawa.

"Kowa ya riƙe wurinsa!"

Ya kafa filafili a ruwa ya danne da ƙirji, jirgi ya karkata, mata suka yi salati. Sai ga wani ƙaton kututture da ruwa ya ɗauko, rabinsa a nutse, ya wuce ta gabansu har reshensa ya karci gefen jirgi. Ba wanda ya gan shi kafin nan. Jatau ya daidaita jirgin ya ci gaba da tuƙi. Sarkin Ruwa ya bi kututturen da kallo har ya ɓace.

Sawu na ƙarshe ya sauka rana ta yi ja. Sarkin Ruwa ya fito daga jirgi, ya karkaɗe rigarsa, ya kama hanyar gida ba tare da ya dubi kowa ba. Mutane suka tsaya cirko-cirko. An bar masa ne, ko an karɓe? Ba wanda ya sani. Jatau ya ɗaure jirgi, ya daɗe yana shafa filafilin, sannan ya ce da murya a sanyaye, "Nomau, na huɗun fa?"

"Yana gidan Sarkin Ruwa."

Jatau ya ce, "Ka kashe ni. Duk gidajen garin nan ka rasa inda za ka kai tuwona sai can?"

"Na ga nan ne ba mai taɓa shi, Yaya."

Ba yadda za a yi, kwanon Tabawa ne, dole a je. Suka yi sallama a zaure suka tsuguna. Tsohon yana zaune a kan buzu, kwanon yana gabansa a rufe. Ya tura shi gaban Jatau da ƙafar sandarsa.

"Buɗe ka ci. Tun da sassafe ƙaninka ya kawo mini ajiya, ya ce kada in ba kowa sai kai, har ya sa na rantse."

"Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, ba shi da…"

"Na ce ka ci." Tsohon ya ajiye sandarsa. "Ba zan ɓoye maka ba, da niyyar karɓar filafili na fito yau. Har na gaya wa wanda zan ba ya zauna da shiri. Amma kututturen nan, ni da na shekara sittin a kan ruwa, sai da ka kauce masa sannan na gan shi. Jirgin ubanka yana hannunka. Sharaɗina ɗaya, kwanon nan na huɗu a ci gaba da kawo shi gidana kullum. Ina so in riƙa ganin idonka da yamma."

Jatau ya duƙa ya yi godiya. Tsohon ya juya ga Nomau.

"Kai kuma, ka riƙe ɗan'uwanka da kyau."

Nomau ya matso ya kama hannun hagun Jatau da hannayensa biyu, ya riƙe gam. Jatau ya juyo zai daka masa tsawar da ya saba, ya dubi hannuwan, ya dubi fuskar ƙaninsa, sai ya fasa. Ya ja kwanon da hannun dama ya yi bismilla, hawaye na sauka a gemunsa, Nomau kuwa bai sake shi ba har ya cinye.